Kwanon Rufi Uku na Goggo Memuna

Ranar da aka rushe madafin gidanmu, wake na kan wuta. Goggo Memuna ta ce a bari ya nuna. Yaya Ziyad ya duba agogo ya ce maso, wato magini, ba ya jiran wake. Haka ni da ita muka kama tukunyar da tsumma muka kai ta bayan gida tana tafasa, muka dawo muka kwashi duwatsun murhu uku da zafinsu.

Goggo ƙanwar babanmu ce. Tun ba a haife ni ba take dafa abincin gidan nan na unguwar Ladjifarani a Parakou. Da baba ya rasu gida ya koma hannun Yaya, ba wanda ya ce ta sauka, ita ma ba ta tambaya ba. Mu goma sha huɗu ne ke ci, ban da masu zuwa gaisuwa daidai lokacin da ake kwashe tuwo.

Abin da ya jawo rusau ɗin, Yaya ne ya je Kwatano ɗauko kaya, abokinsa Alhaji Mansour ya kai shi gida cin abinci. Da ya dawo bai ba mu labarin abincin ba, sai na ɗakin da aka dafa shi.

"Ba hayaƙi, ba toka, ba kaza tana yawo a ƙafar mutum. Matarsa a tsaye take girki, da agogo a hannunta."

Goggo ta ce, "A tsaye? Allah sarki. Ba su da kujera ne?"

"Goggo, haka ake yi yanzu. Kuma daga yau kar in ƙara jin an ce madafi a gidan nan. Kuzin."

Matarsa, Tanti Shakira, ta ce ita daman tun da aka kawo ta hayaƙin gidan nan ke sa mata ciwon kai. Ban taɓa ganin ta kusa da hayaƙin ba, amma ciwon kai ba ya buƙatar shaida.

Aka kira Yaou maso. Ya auna, ya buga bango da yatsa, ya ji abin da ke hannun Yaya, sai ya cire hula ya sosa kai.

"Patron, da wannan kuɗin abu biyu ne. Ko in gyara maka tsohon, in ɗaga bango, in buɗe tagar hayaƙi, in ɗora famfo, tsohuwa ta huta. Ko in yi maka wanda ake kallo."

"Wanne ya fi kama da na Kwatano?"

"Na kallon."

"Voilà."

Wurin da aka mayar da Goggo lungu ne tsakanin bayan sabon ginin da katangar maƙwabta, inda muke shanya wanki. Sama kawai ce a kansa. Da ta ga ana sauke tsohon rufin madafi, ta ce wa Yaya, "Babana, bar mini uku daga ciki a kafa mini rumfa. Damina ta kusa." Babana take ce masa, don sunan mahaifinta aka sa masa, kuma ita ta goye shi.

Yaya ya ɗaga kwano ɗaya da ɗan yatsa. Baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru.

"Wannan? Daga titi za a hango shi, a ce gidan wane ne wannan. Sabo zan saya miki, fil. Uku ko? Sati ɗaya. Wannan duk provisoire ne, na ɗan lokaci."

Ya sayar da tsofaffin ga wani mai kiwo a Guéma. Na taɓa wucewa ta wajen na gan su. Awakin na ciki a bushe, suna tuƙa.

Sati shida aka gama kuzin. Gaskiya ya yi kyau, in dai daga bakin ƙofa aka tsaya. An manna karo, wato tayil, masu sheƙi a ƙasa da bango, iyakar inda ido ke kaiwa. Bayan ƙyaure siminti ne tsirara. An jera plakar guda shida a sama, wato kabad na bango, farare tas da mariƙin zinari. Huɗu suna buɗewa, ba komai a ciki. Biyu ƙyamare ne kawai aka buga a jikin bango da ƙusa. Akwai murhun gaz na hannu da aka samo a kasuwa, ba tukunyar gaz, ƙofar tandarsa an ɗaure ta da waya ta baya. A samansa akwai wani abu kamar hular katako da aka shafa wa fenti ruwan azurfa, wai shi ke zuƙe hayaƙi. Har yau bai taɓa kasawa ba.

Sai famfo. Ruwa bai zo wannan ɓangaren gidan ba, jawo shi kuma ya fi ƙarfin aljihu. Yaou ya huda bango ya zura tiyo, ya sa mazurari a ƙarshensa ta waje. In baƙo zai wanke hannu, Tanti Shakira za ta yi tari sau ɗaya, ni kuma ina bayan bango da bokiti in tsiyaya. Mun yi gwaji sau huɗu. Yaya ya ce ina jinkiri.

A saman mazurarin akwai ƙaramar taga. Ta nan abinci ke shiga. Goggo ta dafa a lungu, ni in miƙa, Tanti ta karɓa ta juye a sababbin tukwane masu murfin gilashi, ta fito da su falo tana share goshi. Makulli na aljihun Yaya. In ba baƙo, ba a buɗewa, don kar yara su taɓa.

Ita Goggo ba ta shiga ba ko sau ɗaya. Ta leƙa ta taga ranar farko ta ce, "Kai, masha Allahu. Kamar asibiti."

Sannan ruwa ya sauko.

Na farko ya same ta tana tuƙa tuwo. Ta ruga ta ɗauko laimar baba ta riƙe a kan tukunya, ita tana waje. Na ce, "Goggo, ke fa?" Ta ce, "Ni ai ba a ci na." Daga baya ta ɗaure laimar a jikin sanda ta kafa gefen murhu, ita kuma ta huda buhun leda ta zura kai. Itace ya jiƙe, ba ya kamawa sai da hurawa. Tana durƙushe tana hurawa, hayaƙi fari na shiga mata ido da baki. Turmi ya fara nitsewa cikin laka, kullum sai mun ciro shi mun sa masa dutse.

Ni da safe nake taimaka mata, sannan in tafi shagon atamfa na Yaya, ba na dawowa sai la'asar. Tsakanin nan ita kaɗai ce da sama.

Da ruwan ya yi sati na tuna wa Yaya. Ya ce yana sane. Da yamma ya dawo da leda. Na ɗauka ƙusoshi ne. Ayaba ce ta roba, da tuffa, da inabi, a kwando.

"Ana sa su a kan tebur. Kuzin ba ya cika sai da su."

"Yaya, kwanon fa?"

"Zinatu, komai da tsari. Ba a fara gini daga baya."

Sati na biyu agogon bango ya saya. Na uku labule. Na huɗu wani allo mai rubutun Faransanci da hoton cokali. Na karanta masa, cewa aka yi girki ƙauna ne. Ya ce ya sani.

Goggo ta fara tari a sati na uku. Da farko ƙarami, kamar mai gyaran murya za ta yi magana. Ba ta ƙara tambayar kwanon ba. Na ce ta yi masa magana da kanta, ai ita zai ji.

"Na faɗa sau ɗaya, ya ji. Wanda ka goya ba ka roƙonsa sau biyu. Kunya zai ji."

"Goggo, ba ya ji."

"To sai in ji masa."

Ni kuwa ban goye shi ba, don haka kullum sai na faɗa. Amsoshin ba sa ƙarewa, kamar yana da shagonsu daban.

Ran Litinin ya ce kwano ya yi tsada saboda damina, mai hankali da rani yake saye.

Ran Laraba ya ce mutanen da ba irinmu ba ne, ƙarfi gare su, ruwa ba ya yi musu komai. Goggo a gona ta tashi can wajen Sérou, wannan yayyafin wasa ne a wurinta.

Ran Juma'a, bayan ya sauko daga masallaci, ya nuna mini hoto a waya. Wasu Turawa ne a fili suna gasa nama, suna dariya.

"Kin gani? Su da kuɗinsu suke fita waje su yi girki. Goggo kyauta take samu."

Na ce, "Ana ruwa a hoton?"

Ya ce bakin nan nawa shi ya hana ni gama makaranta.

Tanti Shakira ita ba ta da mugun nufi, haka take faɗa. Ta ce tarin Goggo na tsufa ne, kakarta ma ta yi irinsa har ta rasu. Ta aika mata da ragowar man zafi. Abin da ya fi damunta shi ne miya ta fara warin hayaƙi, kuma wani lokaci tana zuwa da ruwa-ruwa.

Wata safiya Yaya ya zagaya baya, karo na farko tun da aka gama aiki. Na ji daɗi, na ce yau zai gani da idonsa. Ya gani kuwa. Hayaƙi ya yi baƙin tabo a bayan bangon kuzin, don Goggo ta matso da murhu jikin bango, inda ɗan bakin rufin ke kare mata rabin kafaɗa.

"Innalillahi! Fentin da bai yi wata biyu ba! Goggo, haba Goggo."

"Yi haƙuri, Babana. Ban lura ba."

Da kansa ya sa aka ja duwatsun taku huɗu. Wurin da suka sauka daidai saitin indararon maƙwabta ne. Ya ce nan ya fi iska.

Daga nan tarin ya sauka ƙirji. In ya kama ta sai ta dafa taɓarya ta jira ya wuce. Ta daina cin abincin da take dafawa, sai ruwan koko. Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Dakan sakwara da take gamawa kafin a kira azahar ya koma sai an idar. Wata rana na dawo na tarar ta zauna a kan turmi da ta kifa, muciya a hannu, tana kallon tukunya kamar ta manta sunanta. Jikinta zafi rau. Na ce mu tafi likita. Ta ce sai an sauke.

Na sami Yaya a falo.

"Goggo ba ta da lafiya. Zazzaɓi ne."

"Ran Asabar Alhaji Mansour zai zo da iyalinsa. Daga Kwatano takanas. In sun tafi, ni da kaina zan kai ta. Har kwanon ma, duk lokaci ɗaya."

"Yau Talata."

"Na san kwanakin sati, Zinatu."

Ran Asabar gari ya waye da hadari. Yaya ya sa shadda, Tanti ta ɗaura wani farin ƙyalle na girki a gaba mai hoton tumatir, ta sa agogo. An goge ayabar roba. Abincin da aka tsara sakwara ce da miyar gyaɗa, da cukun wagashi soyayye, da zabi uku. Na hana Goggo daka, na daka rabi, aka ƙwala mini kira in zo in tsaya a wurin aikina. Na koma gindin mazurari da bokiti. Goggo ta ɗauki taɓarya.

Baƙi na shigowa ruwa ya tsuge.

Ta taga ina jin komai. Yaya ya buɗe kuzin da makulli a hankali, kamar mai buɗe kabarin waliyyi. Alhaji Mansour ya ce, "Ah, pas mal, pas mal." Matarsa, Hajiya Bilkissou, ta ce, "Ikon Allah, a Parakou?" Ta kai hannu za ta buɗe plakar ɗin da ba ya buɗewa, Tanti ta tare ta ta ce nan kayan yaji ne masu ƙarfi, suna sa atishawa.

Sai na ji tari. Na tsiyaya.

Ba Tanti ba ce ta yi tarin. Goggo ce a bayana. Da ƙarar ruwan sama a kan leda ba na bambancewa. Famfo ya zubo da ruwa ba wanda ya taɓa shi.

Hajiya ta ja da baya. "Wannan fa?"

Yaya bai ko ƙifta ido ba. "Automatique ne. In ya ji mutum kusa."

"Kai! Alhaji, namu ba ya haka."

Aka ƙara tari, na ƙara tsiyayawa. Alhaji Mansour ya matsa kusa ya ja baya, ya matsa ya ja baya, yana gwadawa. Wani lokaci ya dace, wani lokaci bai dace ba. Yaya ya ce bai gama sabawa da baƙi ba. Tanti ta fara tari da ƙarfi don ta gyara lissafi, Goggo na yi ta baya, ni ina zubawa duk wanda ya yi. Kafin su fita falo bokiti ya ƙare, Alhaji ya karɓi lambar Yaou.

A bakin ƙofa Hajiya ta tsaya. "Wai wa ke tari haka tun ɗazu? Har cikin raina nake jin sa."

Tanti ta ce, "Maƙwabta ne. Katangar ba ta da kauri."

Na miƙa miya, na miƙa zabi, na miƙa sakwara malmala goma sha biyu. Na ji Hajiya na cewa ba ta taɓa cin mai laushin wannan ba, ta yaya ake daka a kan karo bai fashe ba? Tanti ta ce da inji. Hajiya ta ce a nuna mata. Tanti ta ce yana hucewa.

Da na juyo in faɗa wa Goggo an yaba, ban gan ta a tsaye ba. Tana kwance a gefen turmi, kunci a laka, buhun ledar ya rufe mata rabin fuska. Laimar na nan a kan tukunya. Numfashinta na fita da wani sauti kamar ana jan tsohon ƙyaure.

Na buga tagar. Yaya ya shigo kuzin ya leƙo.

"Goggo ta faɗi."

Ya kalle ta. Ba zan yi masa ƙarya ba, fuskarsa ta canza. Sannan ya waiga falo.

Daga lungun nan hanya ɗaya ce zuwa ƙofar gida, kuma ta gaban falo take bi, inda aka buɗe ƙofa da tagogi saboda iska.

"Ja ta jikin bango ki rufa mata wani abu. Shayi kawai ya rage. Minti goma."

"Yaya."

"Minti goma, Zinatu. Kar ki ɓata mini abin da na yi wata uku ina ginawa."

Na jira. Wannan shi ne abin da ba na so in rubuta. Na ja ta jikin bangon da aka hana ta, na rufa mata mayafina, na tsuguna ina jin ƙarar cokali a kofi. Ban san minti nawa ba, agogon na ciki. Da na ji Alhaji Mansour ya ce a ƙaro masa, sai na kwance zanena na sama, na goya ta. Ba ta kai buhun gari nauyi ba.

Na bi ta gaban falo, ni da ita muna ɗigar laka. Hajiya ta miƙe tsaye da kofi a hannu.

"Subhanallahi! Wace ce wannan?"

Yaya ya ce, "Maƙwabciyar nan ce mai tari. Ba ta da kowa. Mu ke ɗan taimaka mata."

Alhaji Mansour ya ce Allah ya saka masa da alheri, irinsa sun yi ƙaranci.

Na ɗauka Goggo ba ta cikin hayyacinta. A kan zem, babur ɗin haya, tana tsakanina da mai tuƙi, sai na ji bakinta a kunnena.

"An ci sakwarar?"

"An ci."

"Ba gudaji?"

"Babu."

Muka wuce shataletale. Sannan ta ce, "Maƙwabciya."



Likita ya ce ciwon huhu ne, ya daɗe a ciki. Ya tambaye ni ko a rafi take kwana. Na ce a'a, a gidan mai kuzin take. Kwana biyar ta yi a kwance ana ƙara mata ruwa. Yaya ya zo sau ɗaya da lemo, na gaske, ya gaya wa mai jinyar gadon kusa cewa Goggo ba ta jin magana, tun yaushe yake ce mata ta huta.

Ni na kira Inna Hadjo, ƙanwar Goggo da ke aure a Djougou. Ta iso washegari da carbi a hannu da baki a buɗe. Ta zagaya bayan gidanmu ta ga lungun, ta dawo ta tsaya a gaban Yaya.

"Kai, Ziyad. Buɗe mini ɗakin nan in ga abin da ya fi yayata."

Ya buɗe. Ta ja plakar ɗin da ba ya buɗewa har mariƙin ya zo a hannunta. Ta ajiye masa a tafi.

"Zan tafi da ita."

Yaya ya ce daman abin da yake shirin ba da shawara ke nan, canjin iska. Provisoire.

Da za mu tashi, Goggo ta ce abu ɗaya take so a ɗauko mata, duwatsunta. Direban tasha ya ɗaga buhun ya sauke. Ya ce, "Hajiya, dutse ya ƙare ne a Djougou?" Inna Hadjo ta ce ya sa a mota ya rufe baki, sun girme shi.

Na bi su. Gidan Inna Hadjo tsohon gidan fataken goro ne, ginin ƙasa, madafinsa baƙi ƙirin har rufi, da kaji. Aka shimfiɗa wa Goggo tabarma a rumfar gabansa inda ɗumi ke kaiwa. Zazzaɓi ya sauka. Numfashin bai dawo duka ba. In ta je bayi ta dawo sai ta zauna ta huta kamar ta je Sérou a ƙasa. Rannan ta gwada ɗaga taɓarya, ta ajiye, ta ce ta Djougou ta fi nauyi. Ba wanda ya musa.

Labarin gida ta waya nake ji daga ƙannena. Ana sayo wake da shinkafa a bakin titi, a zagaya da shi ta lungu, a miƙa ta taga, Tanti ta juye a tukwanen gilashi. Ko ba baƙo. An saba.

Ranar da muka cika kwana tara, Yaya ya kira ana gama azahar. Muryarsa har rawa take don murna.

"Sa ta a kunnen Goggo. A'a, buɗe kowa ya ji. Goggo! An sa kwanon! Uku, sababbi fil, kamar yadda na ce. Yaou yanzu ya sauko. Ki shirya, ran Lahadi zan aiko mota."

Goggo na kwance tana kallon rufi. Na ce, "Yaya, me ya faru?"

"Me zai faru? Alkawari na cika."

"Yaya."

Sai ya ce ruwan jiya ne. Ya yi ta dukan bayan bangon, danshi ya ratso ta ramin tiyo, da safe aka tarar plakar ɗaya ya kumbura, fentinsa ya tashi, ƙyaurensa ya karkace. Yaou ya ce in ba a kafa rumfa a baya ta kare bangon ba, sauran ma za su bi. Shi ne ya fita da kansa cikin yayyafi, ko karyawa bai yi ba, ya ɗauro kwano a kan zem.

"Kin ga an jefi... kin ga kowa ya amfana ke nan. Rumfar har wajen murhunta ta kai. Kusan."

Goggo ta juyo da kai. Ba ta ji duka ba, kunnenta ya yi nauyi tun ciwon.

"Zinatu, wa ya kwanta aka sayi kwano?"

"Plakar ne, Goggo."

"Wanne?"

"Na kusa da taga."

"Allah sarki. Mai buɗewa ko marar buɗewa?"

Na tambayi Yaya. Ya ce marar buɗewa.

Ta miƙo hannu na kara mata wayar. Sai da ta jira tari ya wuce.

"Ziyad."

Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Shi ma ina jin bai taɓa ji ba, don bai amsa ba.

"Ka kyauta da ka yi saurin nema masa magani. Danshi ba abin wasa ba ne. Ka gaishe shi da jiki. Ka gaida mutanen gidanku, ka ce maƙwabciya na gaisuwa."

Ta mayar mini da wayar ta juya wajen bango. Yaya na ta "Alo, alo, Goggo, réseau ne?" Na ce e, réseau ne, layi ba kyau, na kashe.

Motar Lahadi ta zo ta koma da buhun doya da Inna Hadjo ta ce a kai wa yara.

Goggo ta yi wata ɗaya da rabi tana tari a bayan bangon nan. Kowa a gidan ya ji, har baƙi daga Kwatano sun ji. Katako ya yi kwana ɗaya da kumburi, bai ko yi tari ba, kafin azahar an yi masa rumfa. Na sha zama in yi tunanin inda Goggo ta yi kuskure. Ina ganin da an buga ta a bango da ƙusa an sa mata mariƙin zinari, da tuni an lura.

Duwatsun suna nan a madafin Inna Hadjo. Ni ke hura wutar yanzu. Goggo na daga tabarma tana ba da umarni, ta ce gishiri ya yi yawa tun ban zuba ba. Jiya hadari ya taso, ta yunƙura za ta tashi, tana laluben laima. Sai ta ɗaga kai ta ga rufi. Ta koma ta kwanta.